Fasto, wa kake renowa a bayanka?

Salama a gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu, na nan Damagaram da na ƙauyuka. Yau nasihata ga fastoci da dattawan ikkilisiya take, kuma zan ɗora ta a kan rayuwar bawan Allah Byang Kato.

An haife shi a 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, kudancin Kaduna ta Najeriya. Mahaifinsa mai bin addinin gargajiya ne, ya kuma keɓe yaron don ya gaje shi a hidimar tsafi. Yana ɗan shekara 12 ya ji labarin Nuhu da jirgi daga bakin wata malama ƴar mishan ta SIM, ya ba da gaskiya ga Yesu. SIM ɗin nan, ƙungiyar ƴan mishan masu yaɗa bishara, ita ce ta fara aikin bishara a Nijar daga garinmu a 1924, don haka shi da mu rijiya ɗaya muka sha. Gida bai yi masa sauƙi ba. Uban ya ƙi zancen makaranta, sai ya zama yaron yana noma yana karatu. Amma akwai manya a ikkilisiya da suka riƙe hannunsa, ba su ce ɗan matsafi ne a bar shi ba. A nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Da waɗannan mutane sun kau da kai, wa zai san sunan Kato yau?

Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Igbaja, ya koyar, ya tafi Landan ƙaro ilimi. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya, aka ba shi babban sakataren ECWA, tarayyar ikkilisiyoyin da aikin SIM ya haifa a Najeriya. Daga baya ya yi digirin dakta a Dallas ta Amurka, a 1973 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai ofishi a Nairobi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ikkilisiyoyi suna cika, amma masu koyar da Maganar Allah da zurfi ba su da yawa. Ya ga haɗarin a cakuɗa bishara da duk abin da ya zo hannu, har a manta cewa ceto ta wurin Yesu kaɗai yake. Duk da haka bai ce mu zubar da harshenmu da kyawawan al'adunmu mu zama Turawa ba, cewa ya yi Littafi Mai Tsarki ne zai auna kowace al'ada. Shi ya sa ya dage a kafa manyan makarantun tauhidi a cikin Afirka, ɗaya ta masu Faransanci, ɗaya ta masu Ingilishi. A ranar 19 ga Disamba 1975 ya nutse a teku kusa da Mombasa ta Kenya, yana da shekara 39. Makarantar masu Faransanci ta buɗe a Bangi ta Afirka ta Tsakiya a 1977, ta masu Ingilishi kuma a Nairobi a 1983. Bai ga ko ɗaya da idonsa ba, amma har yau suna yaye fastoci, ta Bangi kuwa domin ƙasashe irin tamu aka gina ta.

To, Baba Fasto, ina tambaya da ladabi. Shekara nawa kana kan bagade, kuma wane matashi ne zai iya tsayawa ya buɗe Maganar Allah ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai? Manzo Bulus ya umarci Timoti, a wasiƙarsa ta biyu sura 2 aya 2, ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa waɗansu. Mu kuwa sau da yawa wa'azi namu, addu'a tamu, ziyarar marasa lafiya tamu, har lissafin baiko ma namu. Yaranmu sai shara da kaɗa ganga. Idan sun gaji suka koma fada wajen shayi, ko suka kama hanyar Agadas neman kuɗi, sai mu ce ƴaƴan zamani ba sa jin magana. Wannan abu yana sa ni baƙin ciki ƙwarai, domin mu ƴan kaɗan ne a wannan gari, rashin matashi ɗaya babban giɓi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyayenmu mata na zumunta, ku ma da ku nake. Mace ce ta ba Kato labarin Nuhu.

Roƙona ke nan: kowane fasto da kowane dattijo ya zaɓi matashi ɗaya, namiji ko mace, ya riƙa zama da shi kowane mako a kan Littafi Mai Tsarki. Ka tafi da shi gaisuwar mutuwa da dubiyar asibiti, ya ga yadda ake ta'azantar da mutane. Ka ba shi wa'azin sujadar tsakiyar mako, in ya yi kuskure ka gyara masa a ɗaki, ba gaban jama'a ba. Wanda kuma aka ga alamar kira a kansa, ikkilisiya ta haɗa hatsi da kuɗi bayan girbin bana ta tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki, ta kuma kula da matarsa da ƴaƴansa har ya gama.