Gidan katakon ɗalibai a dajin Trondheim, da gayyar da muke yi mu watse

Tun da na zo karatu Trondheim a ƙasar Norway akwai abu ɗaya da yake min yawo a kai, yau dai bari in faɗe shi. Ba sanyi ba ne, ba kuma ranar da ke faɗuwa tun ƙarfe uku a watan Disamba ba. Wani gidan katako ne a cikin daji.

Sunansa Studenterhytta, wato bukkar ɗalibai, yana cikin dajin Bymarka yamma da gari, a gindin dutsen Gråkallen. Mallakin ƙungiyar wasanni ta ɗaliban jami'armu ne, NTNUI. A 1910 aka buɗe makarantar fasaha ta NTH wadda daga baya ta narke cikin jami'ar NTNU a 1996, a wannan shekarar ta 1910 ɗin ɗalibai suka kafa kulob ɗinsu, shekara uku kacal bayan haka, 1913, sun riga sun tsayar da gida a daji inda za su huta in sun dawo daga wasan sulu a kan dusar ƙanƙara. Dan Allah ku duba shekarar da kyau, ko haɗe kudu da arewacin Najeriya ba a yi ba lokacin, sai 1914. Gidan ya ga yaƙin duniya biyu, ya ga zaman sojojin Jamus a ƙasar daga 1940 zuwa 1945, waɗanda suka fara hura wuta a cikinsa duk sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau ɗalibai ne ke da shi kuma su ke kula da shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, kulob ɗin na da ƙananan bukkoki sun haura ashirin a warwatse cikin dazuka da duwatsun yankin, suna ce musu koie. Na kwana a ɗaya. Babu lantarki babu famfo, murhun ice ne, ruwa a rafi za ka ɗebo, ban-ɗaki a waje. Abin da ya taɓa ni shi ne mun tarar da ice a faskare a jere wanda wasu da ba mu sani ba suka bar mana, da za mu tafi mu ma sai da muka faskara muka jera, muka share, muka rubuta sunayenmu a littafin da ke ajiye a wurin. Ba maigadi ba mai duba ka.

Da na tambayi wani abokin karatuna wa ke gyara rufin in ya lalace, kalma ɗaya ya ba ni, dugnad. Yana ta ƙoƙarin yi min bayani wai mutane ne ke taruwa su yi aiki kyauta, a ci abinci tare, na ce masa tsaya malam, ai wannan gayya ce, da ita aka rene ni. Su har zaɓar kalmar suka yi a matsayin kalmar ƙasa a 2004, alfahari suke da ita kamar su suka ƙirƙiro ta.

To a nan ne zuciyata ke sosuwa. Wallahi ba su fi mu gayya ba. Na ga gonar dattijo da samari suka nome ta tas kafin azahar, ga kalangu ga fura, na ga yanda ake fitowa gyaran maƙabarta kafin damina ba wanda ya aika wa kowa takarda. Amma gayyarmu ta yini ɗaya ce, a yi a ci tuwo a watse. Su kuma sun ɗaura tasu a kan abu mai rufi da ƙofa da takarda da sunan ƙungiya, akwai kwamiti akwai ma'aji akwai littafin kuɗi, in ɗalibi ya gama ya tafi sai ya miƙa makulli ga na bayansa. Haka ma babbar ƙungiyar masu yawon duwatsu ta ƙasar, DNT, tun 1868 take, bukkokinta sun wuce 500, da yawansu makulli iri ɗaya ke buɗe su, mamba ya shiga ya kwana ya biya da kansa.

Mu fa? Kulob ɗin unguwarmu da na buga wa ƙwallo ya fi shekara ashirin, ya fitar da yara masu kyau, amma ko ɗakin ajiye raga ba mu da shi, kofunan da muka ci suna kan durowar gidan koci. Filin da muke atisaye aro ne, ran da aka yanka shi fuloti muka zo muka tarar da bulo. Manyan kulob ɗin ma irin su Kano Pillars da Katsina United na gwamnatin jiha ne, magoya baya ba su da ko bulo ɗaya a ciki duk da irin son da ake musu.

Na san me za ku ce, wa zai gina gida a daji yanzu, ga halin da Rugu da Kamuku suke ciki, manomi ma gonarsa ta gagare shi. Gaskiya ne kuma yana min ciwo sosai, a nan Norway akwai dokar 1957 da ta ba kowa damar ratsa daji ya kafa tanti ko da ba ƙasarsa ba ce, yarinya ita kaɗai za ta shiga da jakarta ta dawo lafiya. Talauci kuwa ban yarda da shi a matsayin hujja ba, a 1913 Norway ba ta san tana da man fetur ba, sai 1969 aka gano shi a teku, a 1913 ɗin ma mutanenta jirgin ruwa suke cikawa zuwa Amurka neman abinci.

Ni ba daji nake cewa mu shiga ba. Rabin fuloti a bayan gari, ɗaki ɗaya da rumfa, takarda da sunan kulob ba da sunan shugaba ko wani ɗan siyasa ba. Na riga na jefa maganar a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ƙwallonmu, na ce buhun siminti goma na farko a wuyana, mutum huɗu sun amsa, wani magini a cikinmu ya ce aikin hannu kyauta ne indai Asabar ce.