Bashin da aka ce ƙananan hukumomin Ingila kada su rubuta

A shekarar 2020 gwamnatin Birtaniya ta yi wa ƙananan hukumomin Ingila wani sassauci mai ban mamaki. Ta ce duk gibin da suka samu wajen ɗaukar nauyin karatun yara masu buƙata ta musamman, su ajiye shi gefe, kada ya shiga lissafinsu na ƙarshen shekara. Kuɗin an kashe su, bashin yana nan daram, amma a takarda babu shi, kamar dai mai shagon da ya buɗe wa bashin da ya fi ƙarfinsa littafi dabam ya cusa ƙarƙashin kanta. Da farko an ce na shekara uku ne. Aka ƙara wa'adi zuwa Maris 2026, da ranar ta matso aka sake ɗagawa zuwa Maris 2028.

Abin da ya sa aka yi wannan rufa-rufa shi ne doka ta hana ƙaramar hukuma a Ingila yin kasafin da kashewa ta fi abin da ke shigowa. In babban jami'in kuɗinta ya ga lissafi ya ƙi, dole ya fitar da sanarwar da suke kira ta sashe na 114, wato a taƙaice hukuma ta tsiyace, ba sauran sabon kashe kuɗi sai na wajibi. Birmingham ta fitar da irinta a Satumban 2023, Nottingham ta biyo baya a Nuwamba, kodayake su nasu dalilan dabam ne. A Oktoban 2024 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce in aka cire wannan sassauci, hukumomi 43 cikin 100 gibinsu zai kusa kaiwa ko ya zarce abin da suka tara a asusun ko-ta-kwana, jimillar gibin kuma tana iya kaiwa fam biliyan 4.6 zuwa Maris 2026. A lura, ƙaramar hukuma a can ba ƙanƙanuwar aba ba ce. Gundumar Kent kaɗai tana da mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma ita ke kula da tsofaffi da yaran da aka raba da iyayensu da tituna da ɗakunan karatu. Duk waɗannan ne za su sha ukuba ranar da aka fito da littafin.

Asalin maganar dokar yara da iyali ce ta 2014. Ita ta kawo takardar tsarin ilimi da lafiya da kulawa, wadda kowa ke kira EHCP. Yaron da ya same ta, duk abin da aka rubuta a ciki ya zama haƙƙinsa a doka: in an ce mai taimaka masa a aji, ko mai koya masa magana sau biyu a mako, ko gurbi a makaranta ta musamman, to ƙaramar hukuma sai ta samar, da kuɗi ko babu. Dokar ta kuma tsawaita haƙƙin har zuwa shekara 25. A Janairun 2015 masu irin wannan takarda kusan 240,000 ne. A Janairun 2025 sun kai kusan 639,000, kuma galahanga, wato autism, ita ce lalurar da ta fi yawa a cikinsu. Gwamnati ba ta naɗe hannu ba, kuɗin da take warewa ya kai fam biliyan 10.7 a shekarar 2024/25, amma buƙata ta riga kuɗin gudu.

Daga nan ne ake samun masu cewa iyaye ne suka cika zalama, kowa yana so a manna wa ɗansa lalura don a ba shi fifiko. Ni wannan magana ba ta shige ni ba, kuma hujjata tana wurin alƙalai. A shekarar 2023/24 iyaye sun shigar da ƙararraki kusan 21,000 a kotun da ke sauraron irin waɗannan koke-koke, kuma a cikin waɗanda aka yanke wa hukunci, kusan 99 cikin 100 iyaye ne suka yi nasara, ko da a wani ɓangare na ƙarar. Hukumar da ake kayar da ita haka a gaban shari'a ta san tun farko ba ta da gaskiya. Jan lokaci take yi, don kowane watan da aka ja kuɗi ne da ba a kashe ba. Doka ta ce a kammala takardar cikin mako 20, amma da ƙyar rabin masu nema ke samu a kan lokaci. Ban ga laifin ma'aikacin da ke zaune a ofishin ba. An ba hukuma guda aikin auna buƙatar yaro da aikin biyan kuɗinta, sannan aka bar ta da lalita fanko.

Mu leƙa aji. Yaro ɗan shekara shida cikin yara talatin, ƙarar ƙararrawa da hayaniya na sa ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur. Malama ta san abin da yake buƙata: wani babba kusa da shi na 'yan sa'o'i, da lungu mai shiru da zai huce. A tsarin da ake bi, makaranta ce za ta biya fam 6,000 na farko daga kasafinta kafin ta nemi ƙari, kuma wannan adadi tun 2013 ba a taɓa shi ba. Shugaban makarantar, wanda ya riga ya sallami mataimakan malamai saboda ƙarancin kuɗi, sai ya ja uwar gefe ya ce, "Ki nemi EHCP, in ba ita ba babu abin da za mu iya." Uwa ta shiga zarya da fayil a hammata, rahoton likita, rahoton masanin halayyar yara wanda sai an yi watanni ana layinsa, wasiƙar ƙi, ɗaukaka ƙara. Kafin a gama yaron ya shekara biyu yana ƙin makaranta, abin da lungu mai shiru zai magance ya koma sai makaranta ta musamman.

Can ne kuɗin ke tsiyayewa. Makarantun gwamnati na musamman sun cika maƙil, don haka sai a saya wa yaro gurbi a masu zaman kansu. Mai binciken kuɗin ya ce gurbi ɗaya a can yana cin kimanin fam 61,500 a shekara, alhali a ta gwamnati fam 23,900 ne. 'Yan kasuwa sun hango ganima: rukunin makarantun Witherslack, ɗaya daga cikin manya, tun 2021 mafi yawan hannun jarinsa yana hannun Mubadala, asusun zuba jari na Abu Dhabi. Ga kuma tasi da ke tsayawa a ƙofar gida da sassafe ta kai yaro makarantar da ke wata gunduma ta dawo da shi da yamma, ita ma hukuma ke biya, daga asusun da ake gyaran titi da shi.

Duk wannan ya biyo bayan tsuke bakin aljihun da aka fara a 2010. Cibiyar nazarin harkokin kuɗi ta IFS ta lissafa cewa abin da ake kashe wa kowane ɗalibi ya ragu da kashi 9 cikin 100 a shekaru goman da suka biyo baya, in aka cire hauhawar farashi. Cibiyoyin Sure Start, inda uwa ke kai jaririnta a gane da wuri in maganarsa ta yi jinkiri, an zaftare fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗinsu. Ita dai IFS ɗin ta gano cewa a cikin yaran da suka tashi kusa da waɗannan cibiyoyi, an samu raguwar masu buƙatar EHCP in sun kai shekara 16. An toshe duk ƙananan ƙofofi masu araha, aka bar guda mai tsada wadda doka ke gadinta, sannan ake mamakin cunkoson da ke bakinta.

Sauran yara ma ba su tsira ba. Ana barin hukuma ta ɗebi rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin makarantun gama-gari ta cike gibin, fiye da haka in minista ya amince. Wato ana ƙara raunana makarantar da rauninta ne ya jawo matsalar. Gwamnatin Conservative ta ƙulla yarjejeniya da hukumomi 38, tana rage musu bashi su kuma su rage kashewa, abin da iyaye suka fassara da rage takardu. Gwamnatin Labour ta daina ƙulla sababbi, kuma a Disamban 2024 ministar ilimi Bridget Phillipson ta ware fam miliyan 740 don samar da gurabe, musamman a cikin makarantun gama-gari.

Masu neman a sauya tsarin suna da tasu gaskiyar. Mai binciken kuɗin ya ce duk da ƙarin kuɗin, sakamakon yaran bai inganta ba. Tsarin kuma ya fi amfanar iyayen da ke da ilimi da kuɗin lauya. Baƙuwar da Turancinta bai nuna ba, wasiƙar ƙi ta farko ce ke mayar da ita gida. Inda na rabu da su shi ne wajen abin da za a fara yi. In aka rage haƙƙin doka kafin a gina makarantu, a horar da masu koyar da magana, a mayar da mataimaka aji, adadin takardu zai sauka, yaron kuma yana nan inda yake, sai dai yanzu uwarsa ba ta da kotun zuwa.

A kasafin Nuwamban 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ce daga 2028/29 gwamnatin tsakiya za ta karɓi nauyin gaba ɗaya. Ofishin da ke sa ido kan kasafi ya ƙiyasta hakan zai ci fam biliyan 6 a shekarar farko, gibin hukumomi kuma zai kai fam biliyan 14 kafin lokacin. Ya kuma yi gargaɗin cewa in daga kasafin makarantu za a ciro kuɗin, abin da ake kashe wa kowane ɗalibi a makarantun gama-gari raguwa zai yi.