Kuɗin wayar da kai ya ƙare a otal, mu masu wasan 'yar tsana sai haƙuri

Duk shekara idan 5 ga watan Yuni ta zagayo, wato Ranar Muhalli ta Duniya, Gombe sai ta cika da korayen riguna da hular hana-sallah. A kama zaure a otal, a buga bana, a sha jawabi da Turanci, a raba shinkafa da kaza, kowa ya sa hannu ya karɓi alawus, a watsa hotuna a Facebook. Wai an wayar da kan jama'a. Wace jama'ar? Matar da ke aiken almajiri ya juye mata shara a kwata ba ta ma san an yi taron ba.

Mu wasan 'yar tsana muke yi, irin wanda na da ke kira dabo-dabo. Da soso da ragowar atamfa daga shagon tela muke haɗa su, mu kafa labule a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, mu kunna lasifika. Kafin ka ce kwabo yara sun cika wurin, mata na leƙe daga zaure. Muna da wata akuya da ke hadiyar leda har cikinta ya kumbura, mahauci ya zo yana zaro ledar fiya-wata ɗaya bayan ɗaya yana salati. Yara na dariya har da faɗuwa, amma manya shiru suke yi, don duk mai kiwo a garin nan ya san ba ƙarya ba ce. Mun taɓa yin wasan a Pantami, wata tsohuwa ta tare ni ta ce, "Ɗan nan, jikana ya hana ni sakat, wai kada in ƙara sakin leda a tsakar gida." To wane jawabin otal ne ya taɓa shiga gidan wannan baiwar Allah?

Wata ƙungiya ce ta gan mu, ta ce za ta ɗauki nauyin zagayen unguwanni kafin damina. Sai aka fara karanto sharuɗɗa. A kawo rajista, a kawo lambar haraji, a kawo rahoton mai binciken kuɗi, a rubuta takardar neman tallafi da Turanci. Mai binciken kuɗi! Mu da duk jarinmu yake shiga buhu biyu. Muka biya wani ya rubuta, muka kai. Daga nan aka ce ai ba a ba da kuɗi a gaba, mu yi aikin da aljihunmu, mu kawo rasit a biya mu. Na ce wa jami'insu, "Yallaɓai, mai Keke Napep ba ya ba da rasit, haka mai cajin batir." Ya ce, "Malam, haka tsarin yake."

Muka ci bashi muka yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma, ga soso da fenti da gam duk sun tashi. Muka zaga Bolari, Jekadafari, Tudun Wada, har Malam Inna. Suka turo mai kyamara ya ɗauki hoton yara suna tafi, hoton ya fito a rahotonsu da tambarinsu ɓaro-ɓaro a sama. Kuɗi kuwa, yau oga ya yi tafiya Abuja, gobe akanta ba shi da lafiya, jibi ana jiran sa hannu daga sama. Yanzu ko wayar ba a ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron da ke yi mana muryar akuya ya gaji, ya koma tuƙa Keke, kuma ban ga laifinsa ba.

Kada kowa ya ce mini babu kuɗi a harkar muhalli. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar da zaizaya da hamada suka lalata, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Gombe da Bauchi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa. Nan gida Gombe an ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G, wato Gombe Goes Green, tun 2019. An gina manyan magudanan ruwa inda kwazazzabai suka cinye gidajen mutane, kuma mun gani, mun yaba. Amma siminti ba ya hana mutum zuba shara. Garin Gombe a cikin kwari yake, ƙasarsa rairayi ce mai saurin zaizayewa, ruwa kuma daga tudu yake gangarowa da ƙarfi. Idan leda da robobi suka toshe kwalbati, ruwan ba ya tsayawa, sai ya fasa gefe ya bi ta ɗakin wani. Itacen da aka dasa yau, idan ba a samu wanda ya gamsu ya kewaye shi ya ba shi ruwa ba, awaki ne za su yi kalaci da shi. Wannan sashen aikin, na shawo kan mutane, shi ne namu, kuma shi ne ake jefa wa canji bayan an gama biyan otal.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kallon da ake mana. Ka shiga ofis da buhun 'yan tsana, sakatare na danne dariya, wai wasan yara. A Binuwai, wasan Kwagh-hir na Tibi da shi ma ake yi da 'yan tsana, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Mu a nan sai a ranar da baƙi za su zo ake tunawa da mu, a kira mu mu yi minti goma a ba mu ruwan roba.

Ba sadaka muke roƙo ba. Mun yi aiki, a biya mu, don mai fenti da mai lasifika sun fara zuwa har gida suna sallama. Duk wanda zai sake neman mu kuma ya zo da rabin kuɗi a hannu, ya yarda mu rubuta bayaninmu da Hausa, ya taso daga kan kujerarsa ya zo unguwa ya ƙirga yaran da idonsa in rasit ɗin mai Keke ne matsalarsa. Kafin nan, a cire hoton yaranmu daga wancan rahoton.