Ranar da ladan ya ce a yi salla a gida

Har yau ban manta da la'asar ɗin nan ta watan Afrilun 2020 ba, kwanaki kaɗan bayan an kafa dokar kulle a Kano saboda cutar korona, lokacin da ladanin unguwarmu ya zo tsakiyar kiran salla, muryarsa ta yi rawa, ya ce kowa ya yi salla a gidansa. Mahaifina, wanda tun tasowata ban taɓa ganin sahun farko ya kuɓuce masa ba sai da dalilin ciwo ko tafiya, yana tsaye a zaure da carbi a hannu, ya riga ya sa takalmi. Ya daɗe a tsaye kafin ya cire takalman, ya ce in shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida.

Ina cikin waɗanda suke ganin dakatar da jam'i a lokacin korona daidai ne, kuma ban ɗauke shi a matsayin yaƙi da addini ba. Kalmar da ladanin ya faɗa tana da asali, domin ya inganta cewa Abdullahi ɗan Abbas ya umarci ladaninsa da faɗar ta a wata ranar Juma'a saboda ruwan sama da taɓo. Idan taɓo ya isa uzuri, ina ga cutar da take bin numfashi, a sahun da ake haɗa kafaɗa da kafaɗa, kuma mafi yawan masu riƙe da sahun gaba dattawa ne? Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annobar Amwas, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. A shekarar 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara, Hajji ma mazauna ƙasar kaɗan ne suka yi shi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, sashe na 45 kuma ya halatta taƙaita shi da doka domin lafiyar al'umma. Mu da muka ga yadda aka riƙa kai dattawa maƙabarta a Kano a wancan watan ba ma buƙatar dogon bayani. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna iya kasancewa da alaƙa da cutar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka aiwatar da hukuncin. Dokar da ta taɓa sallar mutum ba ta tsayawa da ƙarfin kulki, sai dai da yarda, kuma yarda ba ta samuwa inda talaka ya ga ana auna masa da mudu daban. A ranar 18 ga Afrilu aka yi jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda cutar ce ta yi ajalinsa, Allah Ya jiƙansa, kuma kowa ya ga hotunan cunkoson da aka yi a maƙabartar Gudu da ke Abuja. A daidai lokacin ana kama limaman da suka ja Juma'a. Da wane baki za a gaya wa mutumin ƙauye cewa taro ne ake gudu?

Ba na goyon bayan matasan da suka ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada ta jihar Katsina a ƙarshen Maris, ko tarzomar da aka yi a Yamai gab da fara azumi, duk a kan hana sallar jam'i, domin ɓarna ba ta kare masallaci. Sai dai na yi imani da cewa da an fara zama da limaman unguwanni, aka nuna musu halin da asibitoci suke ciki, aka bar sanarwar ta fito daga bakinsu a kan mumbari kafin ta fito daga rediyo, da jama'a sun karɓe ta a matsayin fatawa maimakon barazana.

A farkon watan Mayu aka sassauta kullen a ranakun Litinin da Alhamis domin mutane su sayi abinci, kuma na fahimci dalilin, tunda ana iya yin salla a ɗaki amma gero ba ya kawo kansa. Wata Alhamis na raka mahaifina kasuwa, muka kutsa cikin turmutsutsun da ya ninka na kowace Juma'a, da ƙyar ake ganin mai takunkumi. A hanyar dawowa muka wuce masallacinmu da kwaɗo a ƙofarsa, sai ya tsaya ya tambaye ni ko cutar ta san bambancin ƙofar kasuwa da ta masallaci. Na maimaita masa hadisin ɗan Abbas, ya ce ya san shi tun kafin a haife ni, ba a kansa yake tambaya ba.