Katakon falet ba na murhu kaɗai ba ne

Mutane da yawa a Kaduna, har wasu masu zuwa kasuwar Panteka sayen katako, sun ɗauka falet, wanda ake jera kaya a kansa cikin kwantena, ba zai yi bencin da kafinta ke ɗora katako yana yankawa ba. Alhali don ɗaukar nauyi aka ƙera shi tun farko. Sandunan ƙasa masu kauri su ne na ƙafafu, siraran saman kuma na tokarewa. A ɗan buɗa ƙafafun waje don kar bencin ya yi rawa. Ƙusoshi kuwa a zare su tas, guda ɗaya ta isa ta cinye haƙoran zarto. A duba hatimin da ke jikin falet: mai hatimin HT zafi kawai aka ba shi. Mai MB an turara shi da guba, ko murhu kar ya shiga.