Ɗana, kar ka ajiye tiren tsire saboda TikTok

Akwai ɗan ƙanwata a nan Shara Mansur a Makka, bai wuce shekara 22 ba, yana aiki wajen wani mai tsire, naman da Larabawan nan ke ce wa siriya. In ka tsaya gabansa bayan Isha yana barbaɗa yaji yana naɗe nama a takarda, sai kaji ya ɗauko muryar ɗan Yaman mai ja-in-ja kan riyal biyu, ya juya ya yi ta alhaji sabon zuwa da ke lissafa komai a naira kafin ya zaro kuɗi, ya koma ta tsohuwa haifaffiyar nan mai cakuɗa Hausa da Larabci, wallahi har maigidan nasa sai ya riƙe ciki. Makon jiya ya same ni yace, Kawu ni fa ajiye aikin nan zanyi, barkwanci zan kama gadan-gadan a TikTok. Uwarsa kuwa ta rantse wasan kwaikwayo sana'ar marasa tarbiyya ce. Ni dai daga shi har ita ba wanda na goya wa baya.

Mu ɗauki marigayi Rabilu Musa Ibro. An haife shi a 1971 a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano, kuma kafin duniya ta san shi aikin gandiroba ya yi, shekaru yana sanye da kaki a gidan yari. Ka tsaya ka yi tunanin irin mutanen da gandiroba ke gani kullum, ɓarawon akuya, wanda bashi ya kawo, mai cika baki da ya shigo ya yi laushi, wanda aka zalunta yana rantsuwa ba mai sauraronsa. A ganina can ya samo kunnen da yasa in ya buɗe baki ɗan ƙauye da ɗan birni kowa ke jin kamar maƙwabcinsa ake kwaikwayo. Ya rasu a Disambar 2014, amma har yau ka shiga ɗakin 'yan uwanmu a Karantina ta Jidda zaka tarar ana kallonsa a waya ana ƙyaƙyatawa.

Nan Saudiyya ma haka ne. Ɗan wasan barkwanci Nasir Alƙasabi ilimin noma ya karanta a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad, a dandalin wasan jami'a ya goge, kafin shi da Abdullahi Assadhan su fito da Tash ma Tash a 1993, shirin talabijin da duk wanda ya yi azumi a ƙasar nan ya san shi bayan buɗa baki.

To ga kuma maganar da samarinmu basa son ji. Tun 2022 duk mai son karɓar kuɗin talla a shafinsa sai ya mallaki lasisin da ake kira Mausuƙ, riyal 15,000 na shekara uku, kuma mai zaman igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, ba kamar ɗan ƙasa bane, sharuɗɗansa sun fi tsauri. Yaron da albashinsa ke tafiya a haya da sabunta igama, ina zai kai? Mabiya dubu nawa ma ka tara, ba sa biyan kuɗin wuta.

Ita kuma ƙanwata na faɗa mata gaskiya, Allah ne ya ba yaron nan baiwa, kuma Bahaushe bai taɓa rasa wasa ba, daga tashe da azumi har wasan Fulani da Barebari. Abin da ya dace ta sa ido a kai shi ne abin da yake faɗa, kada ya ci mutuncin kowa, kada ya mai da baƙar fatarmu abin dariya don Larabawa su tafa masa, wannan kam ya fi komai ci min rai kuma na sha ganin masu yi.

Shi kuwa nace masa, ɗana, duk muryoyin nan da kake yi a bakin wutar nan ka tsince su, ranar da ka koma ɗaki daga kai sai waya, wa zaka kwaikwaya? Mun yi da shi zai riƙa ɗaukar bidiyo ɗaya duk Juma'a bayan La'asar, kafin a hura gawayi.