A Libiya aka fara jefa bam daga jirgin sama

Mutane da yawa sun ɗauka a Turai, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka fara kai hari da jirgin sama. A Afirka ne, shekara uku kafin nan. Ranar 1 ga Nuwamba 1911, ana yaƙi tsakanin Italiya da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, matuƙi ɗan Italiya Giulio Gavotti ya tashi da jirgi samfurin Taube, na katako da yadi, ɗauke da gurneti huɗu. Yana tuƙi, yana haɗa su da hannu, yana wurgawa ƙasa a Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus. Ɓarnar kaɗan ce, amma abin takaici, a kan ƙasar Libiyawa aka yi gwajin.